Yaya da Ruwan Kemo: Wa Zai Amfana, Wa Zai Sha Wahalar Banza?

Yau sai ku yi mini afuwa, babin da na yi muku alkawari zai jira mako mai zuwa, domin akwai wata magana da ta tsaya mini a rai tun ranar Asabar, kuma na ga idan ban amayar da ita ba, ba zan iya rubuta komai ba.

A wajen wani biki ne wata baiwar Allah ta jawo ni gefe, ta ce an yi wa mijinta aiki an yanke masa ciwon daji a hanji, likitoci sun ce sai an bi shi da kemo na wasu watanni. Ita kuma ta ji labarin cewa yayana irin wannan aikin aka yi masa, ba a ɗaura masa kemo ko sau ɗaya ba, ga shi nan yana yawo da ƙafafunsa. Ta riƙe hannuna ta ce, "Don Allah Anti, mu ma mu ce ba ma so?" Wallahi sai da gabana ya faɗi. Na ce mata ta bar ni in ba ta amsa a tsanake, domin amsar ba ta cikin hayaniyar kiɗa ba ce. To ga amsar, na ce bari in rubuta ta kowa ya gani.

Yayan nawa shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. Tela ne mai aikin hannu a cikin birnin Kano, irin masu zama da allura su fitar da aska takwas a ƙirjin babbar riga. Da mahaifinmu ya rasu shi ya riƙe mu, kuma da kuɗin allurar nan ya biya mini maɗaba'a na buga littafina na farko. Saboda haka idan na ce Yaya, ku ɗauka uba nake nufi.

Wajen ƙarshen 2022 ya fara wata irin gajiya. Mutumin da ke zuwa shago da ƙafa sai ga shi yana haki daga tsakar gida zuwa zaure. Idanunsa suka yi fari fat. Aka ce taifod ce, aka sha magani. Aka ce gyambon ciki ne, aka sha. Aka ce basir ne, aka yi ta dafa saiwoyi. Sau biyu ana ƙara masa jini. Sai da Allah ya haɗa mu da wani matashin likita da ya ce, namiji mai shekara 51 da jininsa ke ƙarewa ba dalili, to akwai inda yake tsiyaya, kuma hanji ne wurin farko da za a leƙa. Aka zura kyamara ta ƙasa, aka tarar da ƙari a babban hanji ta ɓangaren dama. A watan Yunin 2023, ana saura kwana goma Babbar Sallah, dai-dai lokacin da riguna suka yi masa tsibi a shago, aka shiga da shi tiyata. Aka yanke wannan ɓangaren aka haɗe sauran.

Mu a namu tunanin shi ke nan, an cire an huta. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Bayan mako uku sakamakon tsokar da aka yanke ya fito. Likitan da ya yi aikin ya zaunar da mu ya ce, ƙarin ya ratsa naman bangon hanji amma bai ɓullo waje ba. An ciro kaluluwa 17 daga kewayensa, an duba su ɗaya bayan ɗaya a madubin likita, babu wadda cutar ta shiga. Ya ce wannan shi ne mataki na 2. Da ta shiga ko kaluluwa ɗaya, da ya zama mataki na 3. Muka yi hamdala. Sai ya ƙara da cewa akwai layi ɗaya a takardar da bai kwanta masa ba: ƙwayoyin ƙarin sun canza kama sosai, sun daina kama da na hanji, kuma irin wannan yana cikin alamomin da ke sa a yi tunanin kemo. Ya tura mu wajen likitar da ke kula da ciwon daji.

Kafin mu je gidanmu ya rabu biyu. Gwaggonmu ta ce ita dai duk wanda ta sani aka fara ɗaura wa ruwan nan, gashi ya zube, bai ƙara tashi ba, a bar mata ɗa ya ci tuwonsa. Matar Yaya kuwa ta kwaso sarƙa da 'yan kunnenta na gwal ta zube a gabana, ta ce a sayar a yi masa duk abin da ake yi wa masu kuɗi, kada gobe a ce da an sani. Ga shi lokacin an cire tallafin mai, naira ta faɗi, kuɗin magani yana tashi kullum kamar farashin tumatir da bazara. Gaba kura, baya siyaki.

Likitar da muka samu mace ce mai sanyin magana. Ta ɗauki takarda ta zana 'yan da'irori, layi goma, kowane layi goma. Ta ce wa Yaya, "Malam, ka ɗauka waɗannan mutum 100 ne masu irin matakinka, duk an yi musu aiki. Kusan 80 daga cikinsu wuƙa ta riga ta raba su da cutar har abada, ko an ba su kemo ko ba a ba su ba. Sauran kuwa akwai ɓurɓushin cutar da ya tsere ya laɓe a wani wuri, hoto ba ya ganinsa. Idan na ɗaura wa duka ɗarin nan kemo, waɗanda zan ceto ba su wuce 3 zuwa 4 ba." Ta ce wani babban bincike da aka jagoranta daga Ingila, mai suna QUASAR, da aka yi da mutum sama da 3,000 aka fitar a 2007, shi ya nuna haka.

Yaya ya daɗe yana kallon takardar. Can ya sa ɗan yatsa a kai ya ce, "To likita, ni wanne ne a ciki?"

Ta ce, "Malam, tambayar da duniya ke ta fama da ita ke nan."

Ni da nake rubuta littafi, tun daga shafin farko na san wa zai mutu, wa zai auri wa. A ranar na gane cewa likita yana iya sanin makomar mutum ɗari a dunƙule, amma ya kasa sanin ta mutum ɗaya da ke zaune a gabansa. Kemo bayan tiyata kamar feshin maganin ƙwari ne a ɗakin da aka riga aka share: ba ka ga ƙwaron ba, ba ka da tabbacin yana nan, kuma idan bai sake fitowa ba, ba za ka taɓa sanin ko feshin ne ya kashe shi ko dama babu shi ba.

Kuma feshin nan ba ruwan sanyi ba ne. Ta yi mana bayani cewa ginshiƙin maganin wani tsohon magani ne da ake kira 5-FU, wanda aka haɗa tun 1957 a Amurka, ana ba da shi ta jijiya, ko kuma a sha ɗan'uwansa na ƙwaya mai suna capecitabine. Yana kawo gudawa da gyambon baki, tafin hannu da na ƙafa su yi ja su riƙa saɓulewa. Idan ana so a ƙara ƙarfi sai a haɗa da oxaliplatin, shi kuma jijiyoyin yatsu yake taɓawa. Mutum ya taɓa ruwan sanyi ya ji kamar lantarki ya ja shi, daga baya yatsu su yi dundum, wasu ma har shekaru ba sa dawowa dai-dai. Ina kallon Yaya ya juya tafin hannunsa yana murza babban yatsa da manuni, wurin da allura ta yi masa kanta shekara talatin da wani abu. Bai ce komai ba, amma na ji abin da yake cewa.

Sai likitar ta ce kafin a yanke hukunci akwai gwaji ɗaya da take so a yi, a kan tsokar da aka riga aka cire. Ashe ba a zubar da ita, ana daskarar da ita cikin wani ɗan dunƙulen kaki kamar sabulun otal a ajiye. Ta ce mu karɓo shi a aika wani ɗakin gwaji a kudu, kuma mu hanzarta, domin idan za a yi kemo an fi so a fara cikin mako shida zuwa takwas bayan aiki. Da na tambaye ta me za a duba, ta ce, "Hajiya, an ce ke marubuciya ce. Idan mai buga miki rubutu a kwamfuta ya gama, wa ke bi ya gyara kurakurai?" Na ce ni da wani malami. Ta ce to haka jiki yake. Duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu biyu sai ta kwafe littafin umarninta, wato DNA, kuma akwai wasu masu gyara guda huɗu da ke bin kwafin suna tsince kurakurai. A wasu ƙari, kamar 15 cikin 100 a ƙasashen Turawa, masu gyaran nan sun ajiye aiki. Sai ƙarin ya cika da kurakurai fal, kamar littafin da aka kai maɗaba'a ba a duba ba.

Na ce ai kuwa wannan mummunan labari ne. Ta yi murmushi ta ce a mataki na 2 akasin haka ne. Saboda yawan kurakuran, sojojin garkuwar jiki suna saurin gane cewa wannan baƙo ne, su yi masa ca, don haka bai cika yaɗuwa da wuri ba. Kuma tun 2003 bincike ya nuna cewa masu irin wannan ƙari ba sa ƙaruwa da komai idan aka ba su 5-FU shi kaɗai. Har ma wannan canza kamar da ta tayar wa likitan tiyata hankali, idan ƙarin irin wannan ne ba a lissafa ta cikin alamomin haɗari.

Mako biyun da muka yi muna jiran sakamako ban yi barcin kirki ba. Ni iyakata sakandare, Turancin likitoci ya fi ƙarfina, sai na riƙa zaunar da 'yata mai karatun aikin jinya tana karanto mini a waya tana fassarawa. A nan na ga cewa abin da ya dame mu a ɗan ɗakinmu ya dami manyan asibitocin duniya.

Abin da ya fi burge ni shi ne wani gwajin jini. Ashe ƙwayar ciwon daji idan ta mutu takan zubar da gutsattsarin DNA ɗinta a cikin jini. To idan an yanke ƙari gaba ɗaya, bayan 'yan makonni bai kamata a ga komai nasa a jini ba. Idan aka gani, akwai saura. Da na yi wa Yaya bayani sai ya ce, "Wato kamar in share shago in kulle, da safe in tarar da ƙyallaye da zare a ƙasa. Ka san akwai mai ɗinki a ɓoye." Wata farfesa a Ostiraliya, Jeanne Tie, ta jagoranci bincike a kan haka mai suna DYNAMIC, aka fitar a 2022. Mutum 455 masu mataki na 2 aka raba biyu. Kashi ɗaya aka bi tsohuwar hanya ta duba takardar tsoka, aka ba 28 cikin 100 kemo. Ɗaya kashin aka ɗebi jininsu a mako na 4 da na 7 bayan aiki, wanda aka ga ɓurɓushi a jininsa shi kaɗai aka ba, sai ya zama 15 cikin 100 ne suka sha. Bayan shekara biyu, waɗanda cutar ba ta dawo musu ba 93.5 cikin 100 ne a ɓangaren gwajin jini, 92.4 a ɗaya ɓangaren. Kun ga an kusa rage masu shan wahala da rabi, ba tare da an yi asarar rai ba.

Na je da murnata wajen likitar na ce a yi wa Yaya wannan. Ta ce a inda muke ba a yin sa, sai an fitar da jini da tsoka waje a biya da dala, ga lokaci yana tafiya. Sannan ta ja mini kunne da wata magana da har yau ban manta ba. Ta ce tambayoyi biyu ne mutane ke cakuɗawa. Ta farko, wa cutar za ta dawo wa? Ta biyu, wa magani zai hana ta dawo masa? Gwaje-gwaje da yawa, har da masu auna tarin ƙwayoyin gado na ƙari da masu ƙirga sojojin garkuwa a cikinsa, sun fi iya amsa ta farko. Mutum yana iya kasancewa cikin babban haɗari kuma kemon da ake da shi bai yi masa komai ba. Gwajin jinin ma akwai waɗanda nasu ya fito fes amma cutar ta dawo. Ta ce an samu ci gaba na gaske, sai dai har yanzu hasashe ne ake ƙara wa kyau.

Wani abu kuma da ya shafe mu kai tsaye: a 2021 Farfesa Olusegun Alatise na asibitin koyarwa na Ile-Ife, tare da likitocin wata babbar cibiyar ciwon daji ta New York, sun fitar da binciken da ya nuna cewa cikin ƙarin hanji na 'yan Nijeriya da suka duba, kusan 28 cikin 100 irin mai kurakuran nan ne, ninki biyu na abin da suka samu a majinyatan Amurka. Ke nan wannan gwajin da ba kowa ake yi wa ba a nan, mu ne ma muka fi bukatarsa.

Ranar da sakamako ya iso, biyu daga cikin masu gyaran nan huɗu babu su a ƙarin Yaya. Likitar ta ce shawararta ba za a yi kemo ba, za a sa ido ne. Na ɗauka gida za a yi guɗa. Ina faɗa wa Hajiyarmu sai ta fashe da kuka, ta ce, "Sun sallame shi ke nan. Haka aka ce wa ubanku, ku koma gida ku ci gaba da addu'a." A wajenta, likita ba ya hana magani sai ga wanda ya fitar da rai da shi. Matar Yaya ma ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana sosai, tana ganin kuɗi muka ji wa tsoro. Sai da na ɗauki Hajiya a a-daidaita-sahu na kai ta gaban likitar. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Mama, da ɗanki yana cikin waɗanda ruwan nan zai taimaka, ni da kaina zan roƙe ki a ɗaura masa. Ban sallame shi ba, shekara biyar zan yi ina kiransa." Sannan Hajiya ta share hawaye.

Kuma haka ake yi. Duk bayan 'yan watanni a ɗebi jininsa a auna wani sinadari da ake kira CEA, a yi hoton ciki da ƙirji lokaci-lokaci, da shekara ta zagayo aka sake zura kyamara. Duk ranar da za a karɓo sakamako gidan shiru yake yi kamar an yi mutuwa, sai an dawo a ɗora tukunya. Yanzu ya haura shekara biyu. Rigar angon 'yata shi ya yi mata aiki da hannunsa.

Sai dai gwajin ya zo mana da wani saƙo da ba mu aika a kawo ba. Likitar ta ce irin masu gyaran da suka ɓace a ƙarin Yaya, galibi gado ne ke kawo haka, abin da ake kira ciwon Lynch, kuma duk ɗan da mai shi ya haifa yana da rabin yiwuwar ɗauka. Ta tambayi me ya kashe mahaifinmu. Muka ce ciwon ciki ne, ya rame, bai kai sittin ba. Ta dube ni ta ce, "Hajiya, shekarunki nawa?" Ta ce ga mata har mahaifa yake taɓawa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Na yi wata huɗu ina kwana-kwana saboda kunya da tsoro, sannan na je aka leƙa nawa hanjin. Aka sami wani ɗan tsiro kamar ƙwayar wake, aka tsinke shi nan take. Sauran 'yan ɗakinmu biyu sun je, ɗaya har yau muna lallashi.

To, 'yar'uwata ta wajen biki, ga amsarki. Kin ce a takardar mijinki an rubuta cewa cutar ta shiga kaluluwa uku. Wannan mataki na 3 ne, lissafinsa daban da na Yaya. A nan cikin mutum 100, kamar rabi ne tiyata kaɗai ke warkarwa, kemo kuma yana ceto kusan wasu 20. Mutum 20 ba wasa ba ne, kuma babu wanda zai ce miki mijinki ba ya cikinsu. Kada ki ɗauki hukuncin da aka yanke wa wani ki ɗora wa naki. Abin da za ki ɗauka daga wajenmu tambayoyi ne. Ku tambayi likita kaluluwa nawa aka duba, domin ana so su kai 12. Ku tambaya ko an yi gwajin masu gyaran nan. Ku tambaya cikin mutum ɗari irinsa nawa maganin ke ceto. Sannan ku tambaya ko wata uku zai wadatar maimakon shida, domin a 2018 an haɗa sakamakon majinyata kusan 13,000 masu mataki na 3, aka ga cewa ga waɗanda cutarsu ba ta yi zurfi ba kuma kaluluwar da ta kama ba ta wuce uku ba, wata uku na capecitabine da oxaliplatin yana yin kusan aikin wata shida. Mutuwar yatsu mai damun mutum kuwa, da takan sami kusan rabin masu wata shida, ta sauko ƙasa da ɗaya cikin biyar. Likita ne zai duba ya ga ko mijinki yana cikin waɗannan. Ku dai kada ku ɓata lokaci, makonni ake ƙirgawa.

Su kuma su Gwaggo masu cewa kemo ke kashe mutane, a yi musu uzuri. Yawancin waɗanda suka gani an kai su asibiti ne bayan cuta ta gama cin jiki, kamar yadda muka kusa yi da Yaya muna dafa saiwar basir.

Allah ya ba mijinki lafiya, ya ba duk marasa lafiyarmu na gida da na asibiti. Mu haɗu mako mai zuwa a ci gaban labarinmu, idan mai kowa mai komai ya kai mu.